Fasa waya ba tarbiyya ba ne

Wani uba a Birnin Ƙonni ya fasa wayar ɗansa, ɗalibina ɗan aji huɗu na kwaleji, saboda wasan intanet. Washegari ya zo lakwal yana jiran in yaba masa. Ban yaba ba.

Na tambayi yaron aikinsa a wasan. Ya ce shi ne garkuwa: shi ke shiga gaba ya jawo fushin dodanni duka a kansa, don kada su kashe mai ba da magani. Idan ya tsaya kan dodo ɗaya, sauran su kuɓuce, ƙungiya ta mutu. Saboda haka yana kai bugun da ke taɓa kowa a fili, yana sauya wanda yake duka, yana lissafin daƙiƙoƙin da makaminsa zai dawo. Haka ake buga World of Warcraft tun 2004.

Wannan yaron ne muke kira daƙiƙi a darasin lissafi? Ni da nake da ɗalibai cike da aji, abin da yake yi shi aka koya mini a makarantar horar da malamai: kada ido ya tsaya kan mutum ɗaya.

Haɗarin gaskiya ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin cututtuka. Amma cutar tana cikin daren da ake kwana kan waya, ga jarrabawar BEPC tafe.

Iyaye, daga Malbaza har Illela, ku karɓe wayar bayan isha'i, ku mayar ranar Lahadi. Wanda aka fasa wa tasa, gobe zai ari ta aboki, inda idonku bai kai ba.