Ciwon Damuwa Ba Aljanu Ba Ne, Yana Da Magani

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja kunnen 'yan uwana mutanen karkara da 'yan tireda a kan wata cuta da muke yi wa mummunar fahimta.

Ƙanena yana sayar da hatsi. Shekarar da jarinsa ya karye sai ya daina fita kasuwa, ba ya cin abinci, ba ya barci, ko 'ya'yansa ba ya son gani. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Muka kai shi wurin wani mai magani, muka sayar da tumaki biyu, aka yi ta hayaƙi har wata uku, sai ƙara ramewa yake yi. Ranar da ya ce mini gara ya mutu ya huta, ranar na ɗauke shi sai asibiti.

Likita ya ce ciwon damuwa ne, kuma duk wanda baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka riƙe shi kusan kullum har mako biyu, to ya kamata a duba shi. Aka ba shi ƙwayar amitriptyline, yana sha da dare. To a nan ne mutanenmu ke kuskure. Maganin nan ba kamar na ciwon kai ba ne, sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ga sauƙi. Da farko yakan kawo barci da bushewar baki, sai mutum ya ce bai karɓe shi ba ya watsar. Kuma ko an warke, likita ya ce a ci gaba aƙalla wata shida, kada a tsaya sai da izninsa. Ni na riƙe ƙwayoyin a wurina, domin shan su da yawa lokaci ɗaya yana kisa.

Ba ƙwaya kaɗai ba ce. Akwai zama da ma'aikacin lafiya ana tattaunawa, a koya wa mutum yadda zai koma harkokinsa kaɗan-kaɗan. Wanda nasa bai yi tsanani ba, wannan ma kan wadatar. Addu'a kuwa ba mu bari ba, ai ba ta hana zuwa asibiti.

Abin da nake roƙo shi ne a bar sayen ƙwayar barci ko tramadol a kemis da sunan maganin tunani, wata cutar ake ƙarawa. Akwai asibitoci a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano, Kware ta Sakkwato da kuma Maiduguri. Sai dai kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka. Tunda an sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, ya kamata hukuma ta horar da ma'aikatan asibitin ƙauye su riƙa duba wannan ciwo, musamman ga mata masu jego.

Ƙanena dai ya koma rumfarsa, duk da ba ya son a ce ya taɓa zuwa can.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Funtuwa.