In Tafinta Ya Gaza, Wa Za A Tuhuma?

A makon jiya wani abokina mai ƙaramar maɗaba'a a Agege ya aiko mini da saƙo cikin dare, hankalinsa a tashe. Ya karɓi aikin katin ɗaurin aure guda ɗari biyar, masu biki za su zo karɓa da safe, ga shi kuwa duk inda aka rubuta ƙ, ko ɗ, ko ɓ, sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Sunan uban amarya ma bai tsira ba.

Asalin al'amarin shi ne, kamfanin Microsoft ya tsai da ranar 14 ga Oktoba 2025 don daina kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta yarda ta hau tsofaffin kwamfutoci da yawa, irin na hannu da suka cika ofisoshinmu. Abokin nawa, maimakon ya zubar da injinsa mai lafiya, sai ya sa masa Linux, watau babbar manhajar nan ta kyauta wadda Linus Torvalds ya faro a Finland cikin 1991. Amma tsohuwar manhajar tsara shafi da hannunsa ya saba da ita, don Windows aka yi ta. Saboda haka ya ɗauki tafinta.

Bari in fayyace. Kowace manhaja ba ta taɓa injin da kanta. In tana so ta buɗe fayil, ko ta zana harafi a allo, sai ta roƙi babbar manhaja ta yi mata, kuma kowace babbar manhaja da harshen da take ji. Aikin tafinta shi ne ya tsaya a tsakani, kamar yadda ake yi a gaban alƙali in mai ƙara bai ji Hausa ba: ya karɓi roƙon da aka yi da harshen Windows, ya mayar da shi harshen Linux. Shahararren cikinsu shi ne Wine, wanda aka fara cikin 1993, Alexandre Julliard ya karɓi ragamarsa a 1994, bai kuwa kai bugu na 1.0 ba sai 2008. Shekara 15 ke nan ana koyon harshe guda, wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin aikin. A kansa ne kamfanin Valve ya gina Proton a 2018 don masu wasannin kwamfuta.

To, in abu ya cije, ina za a soma? Ga yadda muka bi a daren nan, na kuma tabbata zai amfani wani.

Da farko, tambaya. Masu Wine suna da kundi a intanet mai suna AppDB, inda jama'a ke ba da labarin kowace manhaja, a jera ta tun daga wadda ke aiki sumul har zuwa wadda ba ta ko motsi. Wanda ya duba can kafin ya fara ya hutar da kansa, don matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, a saurari tafintan. In aka buɗe manhaja ta danna hotonta, ta mutu shiru, ba abin da aka koya. In kuwa aka kira ta daga baƙin allon nan na rubuta umurni, Wine zai yi ta zubo bayani. Layin da ya fara da fixme, tafinta ne ke cewa bai gama koyon wannan kalma ba, galibi kuwa ba shi da illa. Wanda ya fara da err shi ne abin lura, sau da yawa a nan za a ga sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa.

Na uku, a ba kowace manhaja ɗakinta. Wine yakan gina wata 'yar Windows ta jabu a cikin jaka guda, har da faifan C. In aka cusa manhajoji biyar a ɗaki ɗaya, gyaran da ya warkar da wannan shi zai kwantar da waccan. A buɗe sabon ɗaki, a lura ko manhajar ta bit 32 ce ko ta 64, sa'an nan a shiga winecfg a gaya mata Windows 7 ce ko XP take ciki, in tsohuwa ce. Abubuwan da ta saba tararwa a gidansu, kamar .NET da Visual C++, ana ɗauko su da winetricks. Sharaɗi ɗaya ne: a canja abu guda, a gwada, a rubuta. Mai canja abu uku a lokaci ɗaya, ko ya dace bai san abin da ya yi magani ba.

Duk mun yi wannan, akwatunan nan suna nan daram. Ashe tafinta ba shi da laifi ko kaɗan. Salon harufan da aka zaɓa wa katin bai biyo manhajar zuwa sabon gida ba, wanda aka maye gurbinsa da shi kuwa ba shi da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Muka sa Charis SIL, wanda ke ɗauke da su duka, nan take sunan uban amarya ya dawo. Ruwa ba ya tsami banza. Daɗin daɗawa, tun da Unicode ya fito a 1991 kowane harafinmu yana da lambarsa ta kansa, amma akwai tsofaffin salon harufan Hausa da suka ɓoye ƙ da ɗ a gurbin wasu alamomi. Rubutun da aka yi da irinsu, duk inda aka kai shi ba tare da su ba, lalacewa zai yi, ko da tafinta ko babu.

Sai dai a san iyakar tafinta. Direban firinta na Windows, da makullin lasisi da ake soka wa a jikin injin, suna magana ne da zuciyar babbar manhaja kai tsaye, nan kuwa Wine ba ya cika isa. Firinta sai a haɗa ta da Linux ɗin kanta. Ita ma Microsoft ta ɗanɗana wannan: a 2016 ta fito da WSL mai fassara harshen Linux a cikin Windows, amma a 2019 ta sanar da WSL 2, inda ta ajiye fassara ta zaunar da ainihin zuciyar Linux a wani keɓaɓɓen ɗaki. Haka kai ma, in fassara ta ƙi, ka sa Windows sukutum a cikin VirtualBox, in injinka yana da ƙarfi kuma kana da lasisi.

Abokina ya ba da katinsa a kan lokaci, amma na gaya masa abin da zan gaya muku. Kamfanin Apple ya kawo tafinta mai suna Rosetta a 2006, ya sallame shi a 2011, ya kuma rufe ƙofa ga manhajojin bit 32 a 2019, waɗanda suka dogara da su suka wayi gari hannu rabbana. Zanen aro ba ya rufe katara. Duk mai rubutun Hausa a tsohuwar manhaja, ya mayar da shi Unicode, ya ajiye kofe a sigar da kowace na'ura ke iya buɗewa, tun injin yana numfashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.