Tiyar Washington Ba Ta Auna Gangara

Duk ɗan kasuwar Gangara ya san ba a barin mai saye ya zo da tiyarsa ya auna hatsin mutane yadda ya ga dama. To, ina dalilin da za mu yarda da awon Fund for Peace? Tun 2005 wannan ƙungiya ta Washington take jera ƙasashen da ta ce sun durƙushe. A 2014 ta sassauta suna ta ce masu rauni, amma tiyar ita ce dai.

Ba mu wanke kanmu ba. Yunwar 2005 ta kashe yara a jihar Maradi, alhali hukuma na musun akwai yunwa. Wannan laifinmu ne.

Sai dai a gaya mana, a gidan wa aka rubuta karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ranar da jarin ɗan kasuwa da albashin ma'aikaci suka narke? A 2010 tiyar nan ta fifita Libiya a kan Nijar nesa ba kusa ba. A 2011 jiragen OTAN suka yi mata ruwan bama-bamai, makamanta suka malalo iyakokinmu, sannan aka ɗora mana rashin tsaron a lissafi.

Su kuwa manoman Dan Saga da ƙauyukan Agye, da suka daina sare tohon gawo tun shekarun 1980, suna cikin waɗanda suka farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. A cikin ma'aunai 12 na ƙungiyar, a nuna mana wanda ya ƙirga musu gawo ko guda.