Hawan Sallah Ba Kayan Talla Ba Ne

Tun da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, bakin wasu ya ƙi rufuwa: baƙi za su zo, dala za ta shigo, otal-otal za su cika. To barkanmu. Ashe tun zamanin Muhammadu Rumfa muke hawa ba mu san darajarsa ba, sai da UNESCO ta buga mana hatimi a taronta na ƙasar Faraguwe.

Masu wannan murna sun manta abin da ake yi a hawa. Hakimin da ya sako doki a sukwane, ya ja linzami a gaban sarki ya yi jinjina, mubaya'a yake sabuntawa a idon jama'a. Ranar Hawan Daushe kuwa sarki gaisuwar mahaifiya yake zuwa a Babban Ɗaki. Zance ne tsakanin sarki da talakawansa, baƙo mai kyamara kuma ba ya jin yaren. Shi launi yake so, da ƙura, da ƙarar bindiga, kuma da zarar an fara shirya hawa don a burge shi, shi ya zama mai gayya. A duba Ƙofar Kudu mana: jakadu na sama cikin inuwa da ruwan sanyi, talakan da ya tako tun azahar yana rana, bulala na mai da shi baya kada ya shiga hoto. Za a ce ai dukawa da masu ɗinkin kayan doki za su samu ciniki. Yaushe Bature ya taɓa sayen lifidi? Masu sarauta ke ciyar da su, tun kafin a san biza.

Ciwon ma tsoho ne. Sunan “Durbar” da ake tinƙaho da shi daga Indiya Turawan mulki suka kwaso shi, suka tara sarakuna a Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila ta yi kallo, gwamnatin soja ta maimaita a bikin FESTAC na 1977. Daga nan aka koyi ɗaura sirdi ba sallah ba mauludi, don kawai babban baƙo ya sauka. Ga shi 'yan watanni bayan hatimin, a ƙaramar sallar 2025, 'yan sanda suka hana hawa a Kano saboda rigimar sarauta, takardar UNESCO kuma ba ta fito da ko doki ɗaya daga barga ba.