Wai Ragon Ɗan Wasa Ne Ke Zaɓar Mataki Mai Sauƙi?

Mai karatu, in ka na taɓa wasannin kwamfuta na yaƙi da sarauta, ka san mutanen nan da ke yi maka kallon raini don ka zaɓi mataki mai sauƙi. Wai kai rago ne. Haba malam!

Ɗauki Civilization VI, wanda kamfanin Firaxis ya fitar a 2016. Matakan wahalarsa takwas ne, daga Settler har zuwa Deity. To me ake ƙara wa kwamfuta a na ƙarshen? Wallahi ba wayo ba ne. Kai za ka fara da ayari ɗaya na masu kafa gari, ita ta fara da uku, ga ƙarin dakaru, ga ƙarin ƙarfi a duk arangama. An ɗaure maka ƙafa ɗaya kenan, aka ce shiga kokawa. Wanda ya yi nasara a haka ya haddace lagon wasan ne kurum, bai fi ka sanin tarihi ba.

Ni da na ji an saka Sarauniya Amina ta Zazzau cikin Civilization VII a 2025, burina in gina ganuwa, in tura fatake, in ga yadda mutanen Amurka su ka fahimce ta. Awa biyu gare ni bayan sallar isha'i, daidai tsawon fim ɗaya. A ce in ƙarar da su ina kallon ana ƙone min gari tun ban gama koyon maɓallan ba? Ku riƙe Deity ɗinku, ni dai Amina na zo gani.