Rago ya samu, takarda fa?

A satin da ya wuce an yi mana ƙaruwa a unguwa, nan Maradi. Matar maƙwabcina, wani ɗan kasuwa mai kai da kawowa tsakanin Maradi da Jibiya, ta sauka lafiya, aka samu ɗiya mace. Tun ranar da aka sallamo su daga likita gidan bai sake yin shiru ba. Kaka ta taso daga Tibiri da ƙullin kanwa da yaji, tukunyar wankan jego ba ta sauka daga murhu safe da marece, ƴan barka na shiga da sabulu da zane, suna fita da goro. Shi kuwa maigida, hankalinsa duka na kasuwar dabbobi, don ya rantse ragon sunan ɗiyarsa ba zai kasa na abokinsa ba. Jika ɗari da ashirin ya zuba.

Ranar suna, bayan liman ya yi addu'a, wanzami ya gama aski, maroƙa sun watse, sai na ja shi gefe na tambaye shi ko ya koma likita ya ba da sunan yarinya don a yi mata takardar haihuwa. Ya yi dariya, ya ce: "Haba mushe, ɗiyar da ko cibiyarta ba ta warke ba, ina za ta da takarda?"

Ban ɗora masa laifi shi kaɗai ba. Al'adarmu da aikin biro ba su tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ungozoma na rubuta haihuwa ranar da aka yi ta, alhali jariri ba shi da suna sai ya kwana bakwai. Mai jego ta koma ɗaki, ba ta fita sai ta yi arba'in. Uba kuma, da an cinye nama ya koma rumfarsa neman abin biyan bashin buki. Dokar 2007 kwana goma kaɗai ta ba haihuwar da aka yi a likita, watau kwana uku bayan suna. To amma wannan hujja ta faɗi, tunda dokar 1 ga Yuli 2019 ta kai wa'adin kwana sittin, kuma ba a biyan ko dala.

Wanda ya bari wa'adi ya wuce, sai gaban alƙali, da shaidu, da jiran hukunci. Abin da za a gama da hantsi guda ya koma zirga-zirga. Sau da yawa ba a farga sai yaro ya kai jarrabawar BEPC, mushen lakwal ya ce a kawo takarda, a bincike akwati a rasa. Bayan wannan ga katin ɗan ƙasa, ga fasfo na fatauci ko na aikin hajji. Na kuma lura ɗiya mace aka fi yi wa wannan sakaci, da tunanin wai ɗakin miji za ta.

Ma'aikata sun fi kowa sanin ciwon abin. Nawa ne cikin magabatanmu takardunsu ke ɗauke da "né vers", shekarar da wani ya ƙiyasta da ido ranar da aka kai su lakwal? Wannan ƙiyasi shi ke yanke ranar barin aiki, wani a sallame shi da sauran ƙarfinsa. Su dai ma'aikatan yanzu ba su wasa da takarda, ba don sun fi ɗan kasuwa son ƴaƴa ba, sai don kuɗɗin iyali ba su fita in babu ita.

Maƙwabcina ya tafi ranar Litinin, bayan na dame shi. Na gargaɗe shi da abu biyu. Na farko, ba da suna a likita bai wadatar ba, sai ya bi sawu har ma'aikatar magajin gari ya karɓo takardar a hannunsa. Na biyu, ya sa a karanta masa ita kafin ya fito, don Mahamadou da Mamadou ba mutum ɗaya ba ne a idon biro, kuma gyaran harafi guda shi ma sai an je kotu.