Jingar Mai Zane: Me Attajiri Ya Saya Da Kuɗinsa?

Maganar wannan mako a kan wata jayayya ce wadda ta yawaita cikin kasuwanni tun da ɗab'i ya yi araha, watau jayayyar mai zane da wanda ya ba shi jinga.

Masu wannan sana'a iri-iri ne. Akwai alaramma mai rubutun hannu, da mai zayyanar allo da shafukan Alƙur'ani. Akwai mai zana bangon littafi domin 'yan littattafai irin na Kasuwar Kurmi a Kano. Sa'an nan ga samarin zamani masu aiki da kwamfuta, waɗanda ke tsara tambarin buhun shinkafa da kwalbar turare da ledar ruwa. Galibinsu ba su da ubangida guda, aiki ɗai-ɗai suke karɓa, cinikin kuwa da baki a kan yi shi a ƙofar rumfa, ba takarda ba shaidu.

Ga yadda rigimar kan tashi. A misali, attajiri ya sa a zana masa bangon wani littafin addu'o'i, ya biya, ya buga. Littafi ya karɓu, ya sake bugu na biyu da na uku, kana ya ba wani abokin cinikinsa zanen ya sa a kalanda. Mai zane ya zo ya ce ladan bugu ɗaya aka ba shi. Attajiri ya ce ai ya saya da kuɗinsa, abin da mutum ya saya kuwa nasa ne. Kowannensu yana ganin shi ke da gaskiya, gama tun farko ba su faɗi abin da ake sayarwa ba.

Dokar ƙasa ta yanke wannan magana, ko da yake 'yan kasuwa da yawa ba su sami labari ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Maris na 2023, ita ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali a 1988. Bisa ga wannan doka, haƙƙin zane na wanda ya zana ne tun daga farko, sai fa in an yi sharaɗin saɓanin haka, ko kuwa gwamnati ce ta sa aka yi aikin. Ba sai ya yi rajista ba. Da zarar zanen ya tabbata a takarda ko a kwamfuta, haƙƙi ya tabbata. Mallakar takardar da zane ke kanta dabam, mallakar ikon bugawa da yaɗawa dabam. Wannan iko kuwa ba ya tashi daga hannun mai zane ya koma na wani ɗungum sai da rubutu. Izinin yin amfani kawai, wanda bai hana mai zane ya ba wani ba, shi ne ke ƙulluwa da baki ko da al'adar mu'amala. Ashe ke nan attajirin da ya biya da baki izini ya samu, iyakar izinin kuma ita ce za a yi ta ja a kai gaban alƙali.

Wani malami zai ce wannan dokar Nasara ce, ilimi kuwa ba a killace shi. Maganar tana da tushe, domin an ruwaito Imamu Malik ya ƙi sayar da littattafan fiƙihu. Amma shi kansa bai ga laifi ba ga a ba mutum lada ya rubuta Alƙur'ani, gama wahalar hannu da tawada da takarda ake biya. Kuma a zamanin magabata duk mai son littafi sai ya zauna ya kwafa da alƙalaminsa, ya sha irin wahalar da na farko ya sha. Injin ɗab'i ya rushe wannan ma'auni: abin da marubuci ya yi watanni yana yi, a yini guda a kan fitar da dubunsa, riba ta tafi ga mai inji. Saboda irin wannan ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci da tambarinsa dukiya ne abin kiyayewa a shari'a, ana iya sayar da su, ba ya halatta a yi musu ta'adi.

Sai dai masu zane su ma kada su zarce iyaka. Maganar Allah ba mallakar kowa ba ce, haka kuma adon gargajiya da aka gada kaka da kakanni, kamar dagi, ba wanda zai ce shi kaɗai ke da ikon zana shi. Abin da mutum zai riƙe shi ne abin da ya ƙaga da kansa, ko tsarin da ya jera tsofaffin ado a kai har ya zama sabo.

Akwai kuma wani rami da masu zanen atamfa da leshi kan faɗa, 'yan Kantin Kwari su lura. Zanen da aka yi tun farko da niyyar masana'anta ta riƙa buga shi a kan kaya, dokar haƙƙin mallaka ba ta rufe shi ba. Nasa yana ƙarƙashin wata doka ta 1970, wadda ta wajabta rajista, rajistar kuwa sai zanen yana sabo, bai riga ya bazu a kasuwa ba. Tana ɗaukar shekara 5, a sabunta sau biyu, jimla shekara 15. Tambarin kasuwanci shi ma da tasa rajistar a Abuja, shekara 7 da fari, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. A nan takarda ta fi amfanar attajiri bisa mai zane. Wanda ya yi shekaru yana gina sunan shinkafarsa a kan tambarin da ba a rubuta masa sallamawarsa ba, a filin aro ya yi gini.

To, me za a rubuta? Abin da littattafan fiƙihu suka shardanta cikin babin ijara ne, ba ƙari: aiki sananne, lada sananne. A faɗi abin da za a zana da ranar da za a miƙa shi. A faɗi sau nawa mai jinga ke da ikon cewa a gyara, domin gyara marar iyaka jahilci ne cikin ƙulla ciniki, shi ne kuma ya fi cinye ribar samarin kwamfuta. Mafi girma duka, a faɗi ko izini aka saya ko haƙƙin baki ɗaya. In izini ne, na bugu nawa, a kan wane kaya, zuwa yaushe. Lalle kuɗin sallamawa ɗungum ya kamata ya ɗara na izini nesa, tun da mai zane ba zai sake cin moriyar aikin ba. Ko da ya sallama, doka ta bar masa haƙƙin a ambaci sunansa, da haƙƙin ya hana a ɓata aikin ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Wannan ba ya sayuwa muddin yana da rai. Ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara ta riga ta koya wa Musulmi rubutu da shaidu, bai kamata mai neman a rubuta ya ji kunya ba, ko wanda aka nema ya ɗauka an tuhume shi.

Maganar kafin alƙalami tana bukatar hattara. Masu zane kan karɓi wani abu tun kafin su fara, hakan daidai ne. Inda aka saɓa shi ne sharaɗin cewa in mai jinga ya fasa, kuɗin ya tafi ke nan ba a bakin komai ba. Malikiyya sun hana irin wannan, Hambaliyya sun yarda, majalisar fiƙihun da aka ambata ma ta halatta shi a 1993 in an ƙayyade lokacin jira. Hanyar fita daga saɓani mai sauƙi ce: a raba aikin mataki-mataki, zanen gwaji da ladansa, kammalawa da nata. Wanda ya fasa a tsakiya ya biya abin da aka riga aka yi masa.

In rigima ta ƙi sulhuntuwa a hannun shugabannin kasuwa, a sani ƙarar keta haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke jin ta, tafiyar kuwa da tsada ga mai ƙaramin ƙarfi. Abin da zai taimake shi shi ne hujja: ya ajiye zanen gwaji da kwanan wata, da saƙonnin waya, da rasit. Hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa tana kuma karɓar rajistar ayyuka ga wanda ya so, domin ta zame masa shaida.

Saura mas'ala guda wadda ta shafi malamai masu rabon gado. Haƙƙin zane ba ya mutuwa da mai shi, yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. In marubuci ko mai zayyana ya rasu alhali ana ci gaba da buga aikinsa, kuma bai sallama shi a rubuce ba, to wannan haƙƙi yana cikin tarikarsa kamar gona da rumfa. Mai rabo ya tambayi magada ko mamacin yana da aiki a hannun masu ɗab'i, ya nemi takardun in akwai, ya shigar da abin cikin lissafi kafin ya fitar da tumuni da sudusi.